Furar Juma'a da Na Riƙa Dama wa Gwaggo

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Gwaggo ta riga mu kama hanya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinta da ke Jibiya, a kan katifar da ta yi wata huɗu ba ta iya tashi daga kanta. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, ni kuma na yi jinyarta. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Ban san yawan jama'arta ba sai da ta mutu. Mata suka riƙa tsallako boda daga Ɗan Isa da Maraɗi, wasu a kan babur, wasu a bayan motar hatsi. Direbobin manyan motoci, waɗanda ban taɓa jin sun bar layi don mutuwar kowa ba, suka zo suka durƙusa a gaban mahaifina a ƙofar gida. Wata tsohuwa mai dogara sanda, wadda ban taɓa gani ba, ta shigo ɗaki ta zauna ba ta gaida kowa ba. Ta daɗe tana kallon katifar da aka naɗe, sannan ta ce, "Shekara talatin muna tahiya tare, ban taɓa ganin kaya ya hwaɗo daga kanta ba." Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Duk wadda ta gama yi wa mamaciya addu'a sai ta juyo kaina. "Ke kam kin gama naki." "Ɗiyar cikinta ma iyakar abin da za ta yi ke nan." Mai kawo mana nono ta riƙe hannuna tana gaya wa mata cewa shekara biyu cur ba Juma'ar da ban zo da sassafe na dama wa Gwaggo fura ta sha maganinta ba. Suka yi ta sa mini albarka, ina cewa amin.

Gara in faɗi abin tun yanzu, don na gaji da riƙon sa. Furar nan da suke yabo ita ce ta hana maganin Gwaggo aiki shekara biyu. Mu uku muka sani: ni, da ita, da wata likita a Katsina. Kuma a kusurwar ɗakin, a cikin masu karɓar gaisuwa, ga ƙanwarta, Gwaggo Ƙarama, wadda ta zo daga Bugaje da irin ƙwayar wannan maganin a ƙulle a bakin mayafinta. Ita ma da fura take sha, yadda na koya musu. Ranar shan ta Juma'a, wato jibi.

Amma bari in fara ba Gwaggo haƙƙinta, kada laifina ya cinye mata wuri.

Fatauci ne sana'arta, irin na mata masu ƙafa. Daga Nijar ta ɗauko cuku da dabino da tabarmi, daga nan ta kai musu barkono da citta da kwanuka. Tun kafin babura su cika gari take wannan hanya, gammo a ka, kaya a kan gammo, hannuwa a sake. Doguwa ce, miƙaƙƙiya. In ta taho daga Magama, can bakin boda, da yamma, tun daga nesa muke gane ta, don ita kaɗai ce ba ta dafa kayanta. Ma'aikatan bakin iyaka na ɓangarorin biyu duk sun san ta, kuma duk sun sha bakinta. Da aka rufe boda wani lokaci, mahaifina ya ce ta zauna gida ta huta, ta ce, "Boda ta gwamnati ce, hanya kuwa ta ƙahwa ce." Ba ta huta ba.

Tana da wata magana da take yi wa duk yarinyar da ta ce tulu ya yi mata nauyi: "Kaya ba shi da nauyi, wuya ne ke da tsoro." In ta gan ni na ranƙwafa a kan littafi, sai na ji tafin hannu a tsakiyar bayana. "Miƙe!" Har yau in na zauna gyaran jarrabawa nakan ji wurin yana tuna mini.

Ba waliyyiya ba ce, kuma ba za ta gode mini ba in na mai da ita haka. Tana da faɗa. In ta aika miki da tuwo kika mayar da kwanonta ba a wanke ba, to kin ci na ƙarshe, ko da ke ce matar liman. Amma tsohuwar nan mai sanda ta ba mu wani labari a zaman makoki wanda ko mahaifina bai sani ba. Ta ce wata shekara ciwon wuya ya kwantar da ita, ita tsohuwar, ga 'ya'ya ƙanana, ga miji ya rasu. Gwaggo ta riƙa yin hanyar sau biyu, sawu ɗaya da kayanta, sawu ɗaya da kayan ƙawarta, har damina ta wuce. Da ta warke ta zo godiya, Gwaggo ta ce ta tashi ta ba ta wuri, ita ba ta son surutu.

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta kai ni makaranta da hannunta, ta tsaya a kaina har na zama malamar firamare. Tun ina aji ɗaya take kirana Malama. In na faranta mata, Malama ce. In na cika iyayi, sai ta ja sunan, "Malama ta-san-komai." Na biyun na fi ji, kuma na cancanta.

Ba rana ɗaya Gwaggo ta ranƙwafa ba. Bayan al'ada ta ɗauke mata da 'yan shekaru ta fara kukan ciwon baya, muka ce gajiyar hanya ce. Sai zanenta ya fara jan ƙasa. Akwai ragaya a ɗakinta inda take rataye ƙwaryar nono, wadda da can ba mai kai wa gare ta sai ita. Wata rana na tarar da ita tana ɗage a kan 'yan yatsu tana laluben ƙwaryar. Na sa aka sassauto igiyar. Sau uku ana sassauto ta cikin shekara biyar, ba wanda ya ce uffan. A wurinmu tsohuwa ta ranƙwafa ba labari ba ne. Wa ya taɓa kai kakarsa asibiti don ta rage tsawo?

Abin da ya farkar da mu wuyan hannunta ne. Ba faɗuwa ta yi ba. Ta idar da sallah, ta dafa ƙasa za ta tashi, hannun ya ce ƙas. Aka kira mai ɗori daga Gangara, dattijo wanda ya gaji aikin. Ya taɓa, ya sake taɓawa, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, zan ɗora, kuma zai kama da yardar Allah. Amma wanga ƙashi kamar karan da gara ta shiga yake. Ki je likita shi duba ki." Da hannun ya warke ta ce Maraɗi za ta, don can ta san kowane lungu, Katsina kuwa a wurinta baƙon gari ne. Ranar muna jarrabawa a makaranta, na ce ta tafi da wata abokiyar fataucinta. Wannan ce ranar da na fi cizon yatsa a kanta.

Ta dawo da yamma da hoton ƙashi a cikin babbar ambulan da wani ɗan kwali. Ta ce likitan, wanda take kira lokotoro irin na mutanen can, ya gaya mata cutar tana da yawa a mata bayan jini ya ɗauke: ƙashi yana zaizayewa ta ciki a hankali, ba zafi ba kumburi, sai ranar da ya karye. Ƙwayar tana rage zaizayewar. Na buɗe kwalin, takardar ciki duk Faransanci ce, ni kuwa ko gaisuwa ban iya da shi ba.

"Ɗaya tak a sati," in ji ta. "Da sassahe, kahin in ɗanɗana komai. Ruwa zalla, kohi cike. Kuma in tsaya ko in zauna miƙe rabin awa, kada in kwanta, kada in ci."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

"Gwaggo, wane likita ne zai ce tsohuwa ta sha magani da yunwa?"

Kowa ya san abin da nake nufi. A gidanmu, a duk Jibiya, in ka ɗauko ƙwaya tambayar farko ita ce, ka ci abinci? Da ita aka raine mu, da ita muke rainon namu. Ni har a allo na rubuta wa yara ita a darasin kiwon lafiya.

"Abin da kunnena ya ji na hwaɗa maki."

"Ai kunnen ne, Gwaggo. Ya haɗa miki da Faransanci kin juya maganar."

"Hausa ya yi mani, irin tawa, ba irin taku ta littahi ba."

"To bai ce nono yana gina ƙashi ba?"

"Ya ce in riƙa sha."

"Kin ji! Ga nono mai gina ƙashi, ga ƙwaya mai gina ƙashi. Hankali ma ya san tare za su tafi."

Juma'ar farko ta sha yadda aka gaya mata, ta zauna a kan turmi kamar mai jiran mota. Na zo na tarar, na tayar da hankalin gida. Na ce magani da yunwa yana yanka hanji, na ce in ba za ta ci ba zan ɗauke kwalin. Ta ce in ɗauke, in haɗa da kaina. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Sai na yi abin da na san zai karya ta, na kira mahaifina. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya saurare mu duka, ya ce, "Yaya, ki bi yarinyar nan. Ita ta yi boko."

Gwaggo ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Ni na sai mata alƙalamin da take tsokane mani ido da shi." Sannan ta tura mini ƙwarya da ƙafa. "To, Malama ta-san-komai. Dama."

Akwai malamin Faransanci a sakandaren da ke jikin makarantarmu, kullum muna gaisawa a bakin titi. Akwai masu sayar da magani a kasuwa. Akwai waya a hannuna. Takardar maganin nan ta yi shekara biyu a cikin jakata ban nuna wa kowa ba, saboda wanda ya tabbata ba ya tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiyoyin nan sun yi daɗi. Kowace Juma'a kafin in wuce makaranta sai in biya. In sauko da ƙwarya daga ragaya, in murje fura da ludayi har ta yi laushi, in zuba nono mai kauri. Ta jefa ƙwayar a baki ta bi ta da fura. Sai in gyara mata matashi in ce ta kwanta magani ya bi jiki. Tana kwance tana ba ni labarin hanya: ranar da kura ta bi su, ranar da wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan na Nijar, ya ce zai aure ta ta ce sai ya iya ɗaukar kayanta tukuna. Ban taɓa samun ta kusa haka ba. Da ta fara kukan ƙwannafi da zafin maƙogwaro duk ranar Juma'a, na ce tsamin nono ne, na jiƙa mata kanwa.

Bayan shekara guda Gwaggo Ƙarama ita ma ta fara ranƙwafawa, yayarta ta kai ta wurin likitan nan na Maraɗi. Ta dawo da kwali irin ɗaya da magana irin ɗaya: da sassafe, ruwa zalla, kada a kwanta. Mutum biyu sun ji magana ɗaya daga baki ɗaya. Ni kuwa na ce tsofaffi biyu ne suka yi kuskure ɗaya. Gwaggo Ƙarama mace ce mai sanyi, ba ta iya musu ba. Da na yi mata bayanin yankan hanji ta dafe ciki ta ce, "Allah shi tsare. Ai Malama ta hi mu sani." Gwaggo tana zaune, ta juya kai tana kallon waje.

A daminar bana Gwaggo ta faɗi. An yi yayyafi da rana, ta fito da buta, ƙafa ta ɗan zame a tsakar gida, ta zauna daɓas. Faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya. Ita ba ta tashi ba. Muka kai ta asibiti a Katsina, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin cinya ne ya karye daga sama, wajen ƙugu.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta tambayi magungunan da take sha, na ciro kwalin da sauri, har ina jin daɗin a ga an kula da tsohuwa. Ta ce madalla, wannan shi ne daidai, tun yaushe? Na ce shekara biyu, ba fashi. Ta ce yaya take shan sa? Na zayyana mata komai, da furar, da nonon, da matashin.

Ta ajiye biro. Ta yi magana a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Ta ce wannan ƙwayar da ƙyar take shiga jiki ko da ciki ba komai. In ta haɗu da abinci, musamman nono, sai ya riƙe ta ta wuce ba ta yi aiki ba. Nono yana da amfani, amma a wani lokaci daban na yini. Kwanciyar kuma ita ke sa ƙwayar ta dawo ta ƙona maƙogwaro. Shi ya sa ake cewa ruwa zalla, a zauna a miƙe rabin awa.

Kalma bayan kalma, abin da Gwaggo ta faɗa ranar farko. Kafin in buɗe baki sai murya ta fito daga kan gado.

"Likita, kada ki ga laihin yarinya. Ni ce ban iya haɗiye komai da yunwa. Ta yi ta hwama da ni, na ƙi."

Likitar ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "To, Mama, Allah ya sawwaƙe." Na bi ta waje na tare ta a baranda. Na ce ta gaya mini tsakani da Allah, da an sha daidai, da ƙashin bai karye ba? Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Maganin rage haɗari yake yi, ba ya hana faɗuwa, kuma akwai masu sha daidai su karye. Amma ta ce ba za ta ɓoye mini ba, shekara biyun nan kusan kamar ba a sha ba ne. Na so ta ce mini e, ko ta ce mini a'a. Ta bar ni a tsakiya, kuma a nan nake har yau.

An yi mata aiki, amma ƙafar ba ta sake ɗaukar ta ba. Muka dawo da ita gida. Matar da ta auna hanyar Ɗan Isa da ƙafa shekara talatin ta koma sai an juya ta. Jikinta ya yi ta raguwa, daga baya tari ya shiga ƙirjinta.

Wata rana da azahar ina shafa mata mai a baya, na kasa daurewa, na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Mi kinka yi?" in ji ta. "Hura kinka ba ni. Hurar kuwa ta yi daɗi."

Na fashe da kuka. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Share hancinki. Ni tawa ta ƙare. Ƙanwata fa?"

Na ce zan gaya mata. Kuma na yi niyya. Gwaggo Ƙarama ta zo dubiya ya fi sau biyar. Sau ɗaya na gwada, na ce, wai likitocin yanzu sun ce ruwa ya fi. Ta zaro ido ta ce, "Ke da bakinki kinka ce yana yanka hanji. Ni ban wasa da cikina." Da na tsaya a nan na ce, ni ce na yi kuskure, da magana ta ƙare. Sai na ce, haka ne, na tashi na shiga madafa. Tsoron da na dasa mata ba zai fita da wai-wai ba, sai na tumɓuke shi da sunana, ni kuwa ina son sunan nan. Ina son a ci gaba da cewa ɗiyar da ta yi jinya.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin ta cika, Gwaggo ta kama bakin zanena. Muryarta ta dushe, sai da na sunkuya.

"Kin hwaɗa mata?"

Na girgiza kai.

"Na ruhwa maki asiri gaban baƙuwa," in ji ta. "Ban ce ki lulluɓe ƙanwata da shi ba."

Ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da ta yi mini.

Juma'a ta zo, ita ce kuma ranar sadakar uku. Gari ya waye, ana ta daka gumba a tsakar gida. A ɗakin Gwaggo akwai mata kamar takwas da suka kwana, har da tsohuwa mai sanda da mai nono. Gwaggo Ƙarama ta idar da lazimi, ta kwance bakin mayafinta, ta ciro ƙwayar ta ɗora a tafin hannu.

"Ɗiyata," ta ce, "dama mani irin wadda kike dama ma yayata. Yau a ƙwaryarta nike son sha."

Matan suka ce Allah sarki. Wata ta fara sharar hawaye.

Na tashi. Ga ragaya nan, ƙwaryar tana daidai ƙirjina, inda sassautowa ta uku ta bar ta. Na wuce ta, na je randa na cika kofi da ruwa, na dawo na durƙusa a gaban Gwaggo Ƙarama.

"Ina hurar?"

Na ce, "Gwaggo, ba a shan wannan da fura. Likitan Maraɗi gaskiya ya faɗa muku. Ni ce na yi kuskure." Da na fara sai na kasa tsayawa. Na faɗi dariyar da na yi, da kiran mahaifina, da takardar da ban nuna wa kowa ba, da abin da likitar Katsina ta ce, da ƙaryar da Gwaggo ta yi don ta rufe ni. Mai nono ta saki baki. Tsohuwa mai sanda ta yi salati. Wata daga baya ta yi saurin cewa, "Haba, kwana ne ya ƙare, ai ba mai wuce ranarsa." Na san haka ne, kuma na so in fake a nan. Amma Gwaggo Ƙarama ba ta ko waiwaye ta ba. Ni take kallo.

"Yayata ta hwaɗa maki tun hwarko?"

"Ta faɗa."

"Ni ma na hwaɗa maki."

"Kin faɗa."

"Tun yaushe kinka san gaskiya?"

"Wata huɗu."

"Wata huɗu," in ji ta. "Ni ina Bugaje ina shan hura."

Ba ta ɗaga murya ba. A rayuwata ban taɓa jin ta yi wa kowa faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi kofin, ta jefa ƙwayar, ta shanye ruwan tas. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta je bakin ƙofa ta riƙe ƙyaure, ta ja bayanta ya miƙe iyakar yadda zai iya. Daga baya, a cikin hasken ƙofar, sai ka ce yayarta ce shekara biyar da suka wuce.

"Duba agogonki," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Wannan dai kin iya."

Na tsaya a gefenta ina kallon agogo. Masu gaisuwa suka fara shigowa suna raɓa mu, suna mamakin abin da ya tsayar da mu a ƙofa. Ban taɓa sanin rabin awa yana da tsawo haka ba. Da ya cika na ce, "Gwaggo, ya yi."

Ta saki ƙyauren. Ta ce, "To, yanzu je ki dama hurar. Yunwa nike ji."

Ban san ko yafiya ce ba, ban kuma tambaya ba. Mahaifina ya ji labarin kafin a sauko masallaci, har yau bai ɗaga mini zancen ba, ni ma na san dalili: shi ya ce Gwaggo ta bi ni. Matan da suka sa mini albarka ranar Laraba wasu sun rage fara'a, kuma ba su zalunce ni ba. Gwaggo Ƙarama ta koma Bugaje bayan addu'ar bakwai. Kowace Juma'a da sassafe ina kiran ta a waya in ce ruwa zalla, ta ce ta sani, ta kashe.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta ɗauki nata kayan, ta ɗauki na ƙawarta, a ƙarshe ta ɗauki nawa tana kwance da karyayyen ƙashi. Ka sauke mata, ka yafe mata faɗanta, ka yalwata mata kabari. Ranar da za ka tashe mu, ka tashe ta a miƙe, yadda na fara saninta tana tahowa daga Magama, ba ta dafa komai ba. Amin.